Faifan Da Masta Darkwa Ya Ɗaura

Ƙarar ta sake tashi, ƙarrr, kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Antwi ya ɗauke hannunsa daga kan giya, ya zauna yana kallon sitiyari. Karo na nawa ke nan tun safe, shi kansa ya daina lissafi.

"Ta ƙi?" in ji Eno Konadu daga bakin murhu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Saura kaɗan, Eno."

"Jiya ma saura kaɗan ne."

Motar ta mijinta ce, Masta Darkwa, wanda ke kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida. Bango ɗaya ne ya raba ɗakin da na Antwi, a wannan tsohon gidan haya da ke bayan garejojin Suame, a birnin Kumasi. A hannun Masta Antwi ya koyi kanikanci shekara talatin da suka wuce. Yau shi ma masta ake ce masa, har furfura ta fara cin gemunsa, amma in ya tsaya gaban tsohon sai ka rantse jiya aka kawo shi koyon aiki.

Kwana takwas ke nan da likita ya sallami Masta, ya ce a kai shi gida a ba shi duk abin da ransa ke so. Kowa ya gane maganar. Masta ya ce shi Kumasi wurin nema ne, gidansa yana can bayan Mampong, inda yayarsa Brago take, makauniya da ba ta iya tafiya. Su biyu suka rage a ɗakin uwarsu, kuma daga hannunta yake so ya sha ruwansa na ƙarshe, kamar yadda ita ta ba uwarsu. Mutum ba ya kama doguwar hanyar lahira da ƙishirwa.

Direbobi sun fi goma da suka kawo motocinsu ƙofar gida. Tsohon ya kore su kaf.

"Shekara arba'in da biyar ina tayar da motocin mutane, sai in shiga garinmu a motar aro? A ce Darkwa ya dawo, motarsa ta riga shi mutuwa?"

Ai kuwa ta riga shi, don shekara biyu ke nan da injinta ya buga, kaji har ƙwai suke saka wa a kujerar baya. Antwi ya rufe shagonsa, ya samo inji na hannu na wata mota dabam, ya yanka ƙarfe ya yi masa mazauni, ya fafe nan ya cike can, irin aikin da in ba a Suame ba sai a ce maka ba ya yiwuwa. Cikin kwana huɗu komai ya zauna. Sai da aka zo ɗaura faifan kuloci Masta ya aiko cewa a dakata.

Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya san wannan. Ka ɗaure duk abin da ka ga dama a mota, amma faifan kuloci hannun Masta ne kawai ke saka shi, da wani guntun katako da ya fere tun yana saurayi, wanda yake zurawa a tsakiya don faifan ya daidaita. Aka ɗauko shi a kan kujera, maƙwabta suka zagaye shi. Idonsa ya yi hazo, ya lalubi faifan ya manna. Aka yi ta tafi, shi kuma yana murmushi irin wanda ba a ƙara gani a fuskarsa ba tun da ciwo ya kwantar da shi.

Antwi ya gani. Ɓangaren da ke da tudu, wanda ya kamata ya kalli giyabos, shi Masta ya juya wa inji. Ya buɗe baki, ya dubi jama'a, ya dubi murmushin, ya haɗiye maganarsa. Wa ya taɓa ce wa babba ka yi kuskure a bainar jama'a? Har ya lallashi kansa cewa wataƙila wannan injin haka nasa yake, tun da Masta bai taɓa juya faifai ba. Da hannunsa ya ɗaure notunan.

To, ga sakamakon. Inji na tashi lafiya lau, ka taka kuloci har ƙasa, amma da ka nemi giya sai ihu. Kwana biyu Antwi yana kewaye-kewaye. Ya cire iska daga bututun man kuloci ya sake cirewa, ya zubar da mai ya zuba sabo, ya canza famfon kuloci na sama da na ƙasa, har walda ya yi wa sandar da ke tura kulocin ya ƙara mata tsawo. Ya san ba nan ciwon yake ba. Amma sauke giyabos a ƙarƙashin tagar nan daidai yake da leƙa kai ya ce, Masta, aikinka nake warwarewa. Tsohon ko a mafarki ya ji ƙarar sifana ya san noti na nawa ake kwancewa.

Eno Konadu ta ajiye muciya, ta zo ta tsaya jikin ƙofar motar. Ta rage murya.

"Antwi, yau ko kunu bai sha ba. Cokali biyu ya kau da kai. Ni ban san mota ba, amma na san mutumin da ke neman abu a inda bai ajiye shi ba. In akwai abin da kake ɓoyewa, ka sani ba kwanakinka kake kashewa ba."

Maganar ta soke shi. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron kada tsohon ya cika a ɗakin haya, ruwan yayarsa bai taɓa leɓensa ba, saboda wani ƙato mai furfura yana jin kunya. Bai kai ga ba ta amsa ba suka ji ana buga ƙarfen gado da cokali. Haka Masta ke kira tun da muryarsa ta dushe.

Antwi ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shiga. Ɗakin na warin man zafi da lemon tsami. Tsohon ya zama kamar tsinke a cikin bargo, sai idanu da manyan hannuwa.

"Zauna. Iska nawa ce a cikin motar nan? Kwana biyu kana cire iska, balan-balan na saya?"

"Masta, ina jin faifan ne. 'Yan kasuwar nan, ka san halinsu, wataƙila jabu suka ba mu."

"Ji shi. Ƙaryar ma ba ka iya ba. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya sai ka kalli ƙafarka." Ya numfasa. "Ka gani lokacin da na ɗaura?"

Antwi ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Na gani, Masta."

"Ka kuma ɗaure notunan."

"Mutane na wurin."

Sai kafaɗun tsohon suka fara motsi. Antwi ya zabura ya ɗauka tari ne, ashe dariya ce, ba ta da sauti.

"Ni tun ƙarar farko na sani. Faifai a juye, ko kurma ya ji wannan. Na kwanta nan ina cewa bari in kira yaron nan in gaya masa, bakina ya yi nauyi. Darkwa ya juya faifai? Kai kana can kana jin kunyata, ni ina nan ina jin kunyar kaina, mutuwar da ke tafe kuwa ba ta jin kunyar kowa." Ya kama wuyan hannun Antwi, riƙon ba ƙarfi. "Wawaye biyu. Tashi ka sauke giyabos. Kuma ka yanke wannan wutsiyar da ka yi wa sandata, na ji ƙarar waldar."

Antwi ya fito yana share ido da gefen riga. Kafin ya gama ɗaga motar a kan jak, maƙwabta sun taru, kowa da sifanarsa. Ana cikin kwance-kwance Kyei mai walda ya tambaya, wai me aka gano ne?

"Datti ne ya shiga," in ji Antwi, yana kallon ƙafarsa.

Eno Konadu ta turo tagar daga ciki. "Masta ya ce a gaya muku shi ya juya faifan. Wai duk mai dariya ya yi ta yanzu yana ji, ban da a wurin makoki."

Kyei ne ya fara dariyar, sauran suka ɗauka, har da matan da ke daka sakwara a can gefe. Wasu suna dariyar suna goge hawaye. Daga cikin ɗaki cokali ya bugi ƙarfen gado sau biyu, wato a koma aiki.

Rana ta ɗan karkata lokacin da Antwi ya juya faifan, ya zura guntun katakon Masta ya daidaita shi, aka mayar da giyabos. Ya shiga ya tayar, ya taka, ya tura giya ɗaya. Ta shige sumul, ko ƙis ba a ji ba. Wajen cokalin nan kuwa shiru, kuma a wurin Masta shiru shi ne yabo.

Eno ta wanke mijinta, ta ɗaura masa farin zanensa na zuwa coci. Antwi bai tsaya neman sabulu ba, ya goge hannu da tsumma ya sungumi tsohon, ya ji shi sakayau kamar yaro. Aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar matarsa. Duk layin garejin, masu bugun ƙarfe suka dakata har motar ta wuce.

Hanya ta yi kyau har gindin dutsen Mampong. Antwi yana tuƙi yana sauraren numfashin da ke bayansa fiye da yadda yake sauraren inji. Numfashin zai ja, ya tsaya, sai ya ɗauka shi ke nan, sannan ya dawo. Da suka fara hawan, motar ta soma nishi.

"Biyu," in ji wata 'yar murya daga baya.

"Na'am, Masta."

Ya sauko giya biyu, ta karɓa ba gardama. Eno ta ce masa daga baya, duk kwanar da suka sha a kan dutsen, ƙafar hagun tsohon sai ta motsa a cikin zane. "Biyu" ɗin nan ita ce maganar Masta ta ƙarshe, kuma Antwi bai taɓa jin haushin cewa gyara ce ba.

Rana na shirin faɗuwa suka bar kwalta suka shiga jar hanya tsakanin gonakin koko. Brago tana zaune a barandar gidan a kan 'yar kujera, ƙoƙo a cinyarta, an ce tun kwana uku haka take wuni. Ta ji tsayuwar motar ta karkata kai.

"Wannan ba muryar motar Darkwa ba ce."

"Ita ce, Nana. Inji muka canza mata," in ji Antwi.

"Shi fa?"

"Yana nan."

Ya ɗauko shi ya kwantar a tabarma gabanta. Tsohuwar ta lalubi fuskar ƙanenta, goshi, hanci, har ta sami baki.

"Ɗan banza, sai yanzu? Kullum kai ne na ƙarshen shigowa gida." Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta tsoma yatsu a ƙoƙon ta ɗiga masa, sau ɗaya, sau biyu. "Sha, ƙanena. Hanyar da nisa. In ka isa ka gaishe da Inna, ka ce ina tafe."

Antwi ya ƙura wa maƙogwaron ido. Ya ga ya motsa, ruwan ya wuce. A ɗigo na uku ruwan ya tsaya a gefen baki, ya gangara ta kunci. Brago ta sa tafin hannu ta rufe masa ido, sannan Eno Konadu ta saki kukan da ta riƙe tun Kumasi.

Mutanen gari suka fara shigowa. Antwi ya ja baya ya jingina da ginshiƙin baranda. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu masa wuri guda, ya rasa wanda zai bi. Mata suka zo za su shiga da gawar ciki, wata ta ga farin zanen ta yi tsaki, ta ce a kawo wani, wannan ya ɓaci. A daidai haƙarƙari, hagu da dama, shatin yatsun Antwi ne baƙi ƙirin na man inji, biyar nan biyar can, inda ya riƙe shi.

Eno ta dubi wurin, ta sa hannu ta gyara bakin zanen.

"Ku bar masa shi," ta ce.