Layi Ɗaya a Ƙasan Hoto

Mai hoto ya yi ƙarya, kuma ya san ƙarya ya yi. Hoton kansa gaskiya ne: wata mata a layin ɗiban ruwa, jarka a hannun hagu, idanunta sun faɗa. Ƙaryar tana ƙasa, a layi ɗaya da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe. Jaridarsu ta tura shi sansanin 'yan gudun hijira na bakin kogi, tafiyar kwana biyu. Ya ji an ce hanyar ba daɗi, sai ya kashe waya ya miƙe ƙafa a gidansa. Ya buɗe hotunan da ya ɗauka makon da ya gabata a tsohon siton auduga da ke bayan tashar mota, nan cikin gari, inda aka jibge wasu masu gudun. Ya zaɓi ɗaya, ya yanke gefe da gefe, ya rubuta: "Sansanin bakin kogi." A ganinsa wahala ba ta da adireshi. Wa zai bambanta?

Hoton ya hau shafin farko. An ƙara masa girma, an rataye shi a bangon ofis.

Wata bakwai bayan haka, da hantsi, yana shigowa mai gadi ya tare shi.

"Kana da baƙo. Wani dattijo ne, tun kafin in share ƙofa yake nan. Na ba shi kujera ya ƙi zama."

Dattijon yana tsaye gaban hoton da ke bango, ya goya hannuwa a baya. Rigarsa ta koɗe, amma babu inda ta yage ba a ɗinke ba. Da aka ce masa ga mai hoton, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kai ka nuna mini tana raye."

Ya zaro shafin jarida daga cikin leda. An ninke shi an buɗe har rubutun ya fara gogewa.

"Ni tela ne. Wannan maiɗakina ce. Ranar da aka tashe mu, mota daban aka sa ta, mota daban aka sa ni. Ka ga rigar nan? Ni na ɗinka. Dubi aljihun, a hagu yake, don bahaguwa ce. Ko fuskarta ka rufe zan gane ɗinkina."

"Sannu, Baba," in ji mai hoto.

"Wata shida na yi a bakin kogin. Tanti tanti na bi. Har yara suka sa mini suna Baba Jarida. Ba ƙara na kawo ba, ni ne ban iya nema ba. Abu ɗaya nake roƙo. Famfo tara ne a sansanin, na zauna a gindin kowanne kwana da kwanaki. Babu wanda yake da bangon bulo a bayansa irin wannan. Can ko bulo ɗaya babu, duk tanti ne. Ka tuna mini, ɗana, ta wane gefe ka tsaya?"

A nan Allah ya ba shi dama ta biyu, ya sa ƙafa ya shure ta.

"Ka san wuraren nan, Baba, kullum canzawa suke. Wataƙila an rushe bangon. Ina jin ta gabas ne."

"Ta gabas," dattijon ya maimaita a hankali, kamar mai haddace awo. "To. Na gode. Zan koma in sake dubawa."

Ya fara ninke jaridarsa. Mai hoto ya ji numfashinsa ya sauka, har ya sa hannu a aljihu zai ba shi na mota, don mai ƙarya yana son ya ga kansa yana kyauta.

Editar jaridar, wata mata mai furfura da ba ta da yawan magana, tana bakin ƙofar ofishinta da kofi a hannu. Ta ji komai.

"Buɗe masa asalin hoton," ta ce. "Wanda ba a yanke ba. Ƙila ya ga wata alama a gefe."

"Hajiya, sai an bincika, ya daɗe..."

"Muna da lokaci. Shi ya yi wata shida."

Suka shiga ɗakin aiki. Kwamfutar ta ɗauki lokaci kafin ta buɗe hoton, mai hoto yana fata wuta ta ɗauke. Ba ta ɗauke ba. Hoton ya cika allo: ga matar, ga jarkar, ga bangon. A damanta ga ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta sito. A hagu, can baya, ga motocin haya a jere da rumfar mai sayar da jaridu.

Edita ta ajiye kofinta.

Dattijon ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ɗora yatsa a kan rumfar.

"Wannan tashar garin nan ce."

Bai ɗage yatsan daga kan rumfar ba.

"A rumfar nan na ga jaridar. Ranar na sauka daga mota. Wani direba ya ce mini akwai mutanenmu a sito, nan baya, in leƙa. Na kama hanya ke nan sai na ga hoton a kan tebur. Ban iya boko ba, na ce mai jarida ya karanta mini abin da ke ƙasa. Ya karanta. Na juya na shiga motar bakin kogi." Ya ɗago ya dubi mai hoto, ba da fushi ba, da mamaki. "Taku nawa ne daga rumfar nan zuwa ƙofar nan?"

Edita ta juya ga mai hoto.

"Ɗauki motar ofis," in ji edita. "Kai za ka kai shi. Da ƙafarka za ka shiga."

A hanya dattijon yana ta gyara wuyan rigarsa, ya cire hula ya kakkaɓe ya mayar. Sau ɗaya ya tambayi direba ko akwai ƙura a fuskarsa.

Siton ya rage mutane. A ciki an raba ɗakuna da buhuna da tsofaffin zannuwa a kan igiya, hayaƙi ya yi wa rufin kwano baƙi. Mata suna wanki a bakin famfo. Dattijon ya yi sallama ya miƙa jaridar ga wadda ta fi su shekaru. Ta goge hannu a zani, ta duba, ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kai ne telan?"

"Ni ne."

Ta juya ta dubi sauran matan. Wankin ya tsaya.

"Zauna, malam."

"A tsaye zan ji."

"Yau wata biyu da rasuwarta. Da damina ne, ciwon ƙirji. Ni na yi jinyarta, buhu ɗaya ne tsakanin shimfiɗata da tata." Ta nuna wani dutse a gefen ƙofar ƙarfen. "Kullum in ta gama ɗiban ruwa nan take zama, tana kallon masu sauka daga mota. Mukan tsokane ta, mu ce Bahaguwa, mutumin nan ya samu wata a hanya. Sai ta ce, ku ba ku san tela ba. In ya ce Laraba, to ku sa ran Laraba ta sama. Amma bai taɓa cinye yadin kowa ba. Zai zo."

Dattijon ya yi wata 'yar dariya, ta karye a tsakiya. Ya taka zuwa dutsen ya zauna. Ya dubi inda ta saba dubawa. Daga nan ana ganin rumfar mai jarida sarai, har launin lemarsa. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa.

Rana ta shigo ta ƙofar sito ta sauka a kan furfurarsa. Mai hoto ya ga hasken ya yi daidai. Kafin ya ankara, hannunsa ya kai kan kyamarar da ke rataye a wuyansa. Shekara goma sha biyar yana wannan sana'a, hannun ya riga zuciya sabo.

Dattijon ya sauke hular. Ya gani.

"Ɗauka mana," ya ce. "Ai aikinka ne. Sai dai ka rubuta inda nake."

Mai hoto ya durƙusa a kan siminti, gaban matan. "Baba, ka yafe mini. Wallahi ban san..."

"Ka san ba ka je kogi ba."

"Na sani."

"To. Ni wata shida ka ci mini, wannan na bar maka. Ita kuwa wata biyar ta yi a kan dutsen nan. Yafiyar ba tawa ba ce. Ka je ka tambaye ta." Ya juya ga tsohuwar. "Yaya, a nuna mini inda aka sa ta."

Suka fita tare, matan suka bi bayansu. Babu wanda ya ce wa mai hoto ya tashi.

Kafin la'asar aka karɓe kyamara da katin aikinsa. Washegari jaridar ta sake buga hoton a shafin farko ba a yanke ba, da sunan wurin daidai, da sunansa, da abin da ya yi. Babu jarida ko ƙungiyar agaji da ta sake karɓar hoto daga hannunsa. Yanzu hoton katin shaida yake ɗauka a gindin bishiya gaban ofishin rajista, da farin ƙyalle a rataye a bango.