Kayan Aikin Bamanga da Na'ura Ta Ƙi Taɓawa

Ofishinmu falon wani gida ne a unguwar Federal Low-Cost a Gombe, kuma abin da muke ginawa wakili ne na na'ura, wanda makiyaya za su riƙa aika wa saƙon murya idan dabba ba ta da lafiya. Shi wakilin ba ya komai da kansa. Kayan aiki aka jera masa, kowanne da ɗan bayani a gefensa, sai ya karanta ya zaɓi wanda zai ɗauka. Ni Zulaihatu, aikina in bi bayanan nan in ga ko sun faɗi gaskiya, kuma ko mai karatu zai gane. Ana cewa ina da baki. To, don bakin aka ɗauke ni.

Hajiya Asta, mai kamfanin, ta ja ni gefe ta ce za ta cire kayan aikin da Bamanga, ɗaya daga cikin ma'aikatanmu, ya gina kafin mu je gwaji garin Kwadon, don tun da aka saka shi wakilin bai taɓa ɗaukarsa ba. Idan kuwa aka cire shi, Bamanga ba shi da sauran aiki a wurin. Raina bai so ba. Amma abin da ya fi cin raina shi ne rashin sanin dalili, domin nasa ne kaɗai yake kiran likitan dabbobi mafi kusa, kuma na gwada shi da hannuna, lafiyarsa ƙalau.

Na zauna na aika saƙon gwaji, na ce saniyata ta kumbura, ta kasa tashi. Wakilin ya tsallake na Bamanga, ya ɗauki na Mu'azzam, abokin aikinmu, wanda shawara kawai yake bayarwa. Wai a kai ta inuwa a ba ta ruwa. Saniyar da ke shirin mutuwa fa.

Sai na ajiye bayanan biyu gefe da gefe. Mu'azzam, sarkin cika baki, ya rubuta cewa nasa ne ya fi dacewa da duk wata matsala ta shanu da awaki da tumaki. Na ja masa jan layi, don ƙarya ce tsagwaronta. Na Bamanga kuwa cewa ya yi, wataƙila wannan ya ɗan taimaka a wasu lokuta, idan babu abin da ya fi shi.

Na yi dariya har na ƙware. Duk wanda ya tashi a Gombe ya san mutanen su Bamanga, rago guda za su kawo maka su ce ga ɗan wani abu. Mu mun san yadda ake jin irin wannan magana. Na'ura ba ta san kara ba, abin da ya ce shi ta ɗauka.

Na kira Bamanga na nuna masa, na ce ya sake. Ya tafi ya dawo da “zai iya taimakawa.” Wallahi kamar in jefe shi da takalmi.

“Adda Zulai,” ya ce, don haka yake kirana, wato Yaya, kansa a ƙasa, “ta yaya zan zauna in yabi abin da na yi da hannuna? A gidanmu ba a haka.”

“Wa ya ce ka yabi kanka? Cewa na yi ka faɗi yaushe za a ɗauke shi, yaushe ba za a ɗauka ba.”

Na ga dai ba taurin kai ba ne, hannunsa ne ba zai iya ba. Sai na ce, “To ka ɗauka ni na gina shi, ka rubuta mini bayanin.”

Kai, ashe mutumin nan ya iya rubutu. Ya ce a ɗauki wannan nan take idan dabba ta kumbura, ko ta kasa tashi, ko haihuwa ta tsaya. Ya ce a fara tambayar makiyayi inda rugarsa take, kuma kada a ɗauke shi don tambayar abinci ko rigakafi. Na sake aika saniyata mai kumburi, wakilin ya kira likita ba tare da wani kewaye-kewaye ba. Na canza ciwo, na canza dabba, bai ɓata ba.

Hajiya ta zo ta karanta, ta tambaya wa ya rubuta. Kafin in buɗe baki ya ce, “Adda Zulai ce.”

“To shi ke nan,” in ji Hajiya, “sai Zulaihatu ta ci gaba da riƙe shi.”

Na ji tsoro ya kama ni, don hakan na nufin aikinsa ya tafi, amma na dafe bakina, abin da ban saba ba. Na zuba masa ido kawai. Gumi ya keto masa, ya murza hularsa har na tausaya wa hular.

“Hajiya,” ya ce da ƙyar, kamar wanda ake zare wa ƙaya, “ni ne. Ni na gina shi, ni na rubuta. Kuma yana aiki.”

Hajiya ta dube shi ta ce ya shirya, da shi za a tafi Kwadon. Har aka tashi daga aiki bai iya haɗa ido da kowa ba.