Hannu a Bakin Barakuda

Ni na fara ganinsa, kada wani ya gaya muku wani abu daban. Mu uku ne a kan duwatsun bakin teku a Ainus Sukhna ta ƙasar Masar, hantsin wata Juma'a cikin shekarar 2013, amma idona kaɗai ya kama inuwar nan, doguwa kamar taɓarya, tana biye da kifin roba ɗin da nake ja.

Abin na Husam ne, Bamisire mai shagon gyaran fanka a ƙasan benen da nake gadi a unguwar Abbasiyya. Shi ya ɗauko mu daga Alƙahira a motarsa, ni da Sulaimanu ƙanen matata Fatna. Kifin roba ɗin bai fi tsawon tafin hannu ba, mai ƙyalli, da ɗan harshe a haɓa da ke sa shi nutsewa yana rangaji in an ja shi. Ƙugiya biyu gare shi, ɗaya a ciki ɗaya a wutsiya, kowace da baki uku. Ni shekara arba'in na yi ina su a kogin Nilu a Mai Wurno ta Sudan, ban taɓa kama kifi da abin da ba ya ƙarni ba. Amma sau biyu Husam ya nuna mini: ka jefa, ka naɗe, ka fizga, ka ɗan tsaya kamar ƙaramin kifi ya ji ciwo. A na uku na fi shi iyawa.

"Tsoho da furfura yana wasa da 'yar tsana," in ji Sulaimanu, bakinsa cike da burodi.

"Ci abincin mutane ka yi shiru, rago."

A tsayawar nan mai inuwar ya kawo cafka. Sandar kamun kifin ta lanƙwashe, zare ya dinga kuka.

"Barakuda!" Husam ya yi ihu. "Yalla ya Hajj Hamad, kada ka saki!"

Wa zai saki? Na kafa ƙafa, ya ja na ja, ya yi tsalle sama da ruwa na ga haƙora jere kamar ƙusoshi. Sai da kafaɗata ta mutu kafin na kawo shi gindin dutse.

To, mu a kogi, in giwan ruwa ya iso gaɓa, hannu muke zura masa a baki, mu damƙi leɓen ƙasa mu ɗaga. Haka aka koya mana tun muna tsirara, don giwan ruwa ba shi da haƙorin kirki. Kafin Husam ya ɗauko sandar da ake saƙalo kifi da ita, Sulaimanu ya riga ya sauka, ya miƙa hannu yadda ya saba.

Kifin ya kaɗa kai sau ɗaya. Ƙugiyar wutsiya tana muƙamuƙinsa, ta cikin kuwa ta lume a tafin Sulaimanu, gindin babban yatsa. Santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwa har ƙirji. Ga su nan a ɗinke da juna, mutum da kifi. Duk fizgar da kifin ya yi sai ta tsaga nama, duk juyawar da ya yi sai haƙori ya keta masa dantse. Ruwan ya yi ja. Taku biyu a bayansu kuma zurfi ne, ba ƙasa.

Husam ya zaro wuƙa zai yanke zaren.

"Wallahi ka yanke sai na yanka ka!" na ce. Zaren nan kaɗai ke riƙe da su biyun. In ya tsinke, kifi ya tafi da ƙanen Fatna, ni kuma in koma gida in ce mata me?

Na danƙa masa sandar da zaren yake jiki, na fizge wuƙar, na dira.

Igiyar ruwa ta maka ni da dutse, haƙarƙarina ya amsa. Na tashi. Na kai hannun hagu zan kama bayan kan kifin, ya juyo. Ban ji zafi ba, sai kamar an rufe ƙofar ƙarfe a kan hannuna. Na rungume shi a hammata, yana dukana da wutsiya, Sulaimanu yana kiran sunan Allah yana shan ruwan gishiri. Na soka wuƙar bayan idonsa. Ta zame. Na sake sokawa, na danna da ƙirjina har na ji ƙashi ya fashe. A na ukun ya yi rawar ɗari ya saki jiki.

Muka ja su sama tare. Baki biyu na ƙugiyar sun nutse, kuma ƙugiya ba ta komawa ta inda ta shiga. Na hau kan dantsen Sulaimanu da gwiwa, na tura ƙarfen gaba har ya huda fata ya fito ta ɗaya gefen, Husam ya datse kan da filaya. Sau biyu muka yi haka. A na biyun Sulaimanu ya suma.

Sai na ga Husam ya zuba wa hannuna ido, bakinsa a buɗe. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi babu.

"Ma'alish, ya Hajj," ya ce, wato in yi haƙuri.

"Ma'alish ɗin me? Ɗaure mini, ka ɗauko kifina."

A asibitin Suwais aka ɗinke mu. Hannun Sulaimanu ya tsira, yau da shi yake cin tuwo. Da muka shiga gida, Fatna ta dubi ƙanenta, ta dubi hannuna, ta dubi kifin kwance daga ƙofar kicin har gindin firij.

"Ba zan dafa abin da ya ci mijina ba," ta ce.

Na hau da shi saman bene na gasa da kaina, da hannu ɗaya. Ya ci yatsu biyu nawa, ni na cinye shi har kai.

Wanda ya ce ƙarya nake, ya zo mu gaisa da hagu ya ƙirga da kansa. In bai gamsu ba, dutsen yana nan inda yake, 'yan'uwan kifin ma suna nan. Ni zan jefa, ni zan jawo masa shi har gaban ƙafarsa. Shi dai ya miƙa hannu.