Gwauro Mai Mata

Har yau idan na ji gangar tashe sai raina ya ɓaci. Ni Mairama ban iya ɓoye abin da ke cikina ba, kuma duk mai cewa wasa ne kawai, ya zo gabana ya faɗa in ji.

Maharazu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tumatur da albasa yake nomawa a bakin kanal ɗin ban ruwa, nan ƙauyenmu a bayan Kura. Matarsa Sa'adiya ta sha doguwar naƙuda a haihuwar fari, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Kun dai san abin da maza da yawa suke yi idan wannan ya sami mace: tun ba ta gama wankan jego ba za a sallame ta. Maharazu bai yi haka ba. Shi ya yi ta jigila da ita zuwa asibiti a Kano, aikin farko bai kama ba, aka sake, Allah ya sa na biyun ya kama.

Likita ya zaunar da mu, ni da shi, ya ce aiki ya yi kyau amma ɗanye ne. Wata shida babu kwanciyar aure, babu daka, babu ɗaukar ruwa. Ya ce idan ya warware wannan karon, shi ba zai yi mana alkawarin komai ba.

Don haka Maharazu ya kai ta gidan innarta a ɗaya gefen gari, ta huta sosai. Kullum idan ya taso daga ban ruwa sai ya bi ta can ya gaishe ta, sannan ya koma gidansa shi kaɗai. Ya kama azumin Litinin da Alhamis, irin wanda malamai suke cewa namiji ya riƙa yi don ya tsare kansa. Mutane suka dame shi da ya ƙara aure, ai halal ne. Ni kaina na taɓa yi masa maganar.

Ya ce, "Yaya, na san halal ne. Amma idan na kawo wata yanzu, Sa'adiya za ta ɗauka na gama da ita. Bari ta warke tukuna."

Sai watan azumi ya kama. A garinmu idan azumi ya yi nisa, samari suna kamun gwauro, wato namijin da ba shi da mata. Su ɗaura masa igiya a ƙugu, su rataya masa tsummokara da gwangwanaye, su zaga gari da shi ana kiɗa ana tsokana. Shugaban wannan sha'ani kuwa Tambaya ne, dillalin tumatur. Tambaya fa! Mutumin da yake yin aure ana gab da azumi don ya sami mai dafa masa, Sallah na wucewa ya kori 'yar mutane. Shi ba a taɓa kama shi ba, tunda duk azumi da hayaƙi a gidansa.

Ranar ina turara shinkafa bayan la'asar, na ji ganga da ihu. Wata maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Mairama, ƙaninki suka kama." Ko mayafi ban tsaya gyarawa ba. Na tarar da shi a tsakiyarsu, taɓon gona har gwiwa, igiya a ƙugu, bakinsa ya bushe da azumi.

Na ce, "Kai Tambaya, ba ka da kunya? Kwance shi! Da aurensa!"

Ya kwashe da dariya. "Haba Yaya Mairama, wasa ne. Ina matar? Gidan da ba a hura wuta ai gidan gwauro ne."

"Ka fi kowa sanin abin da ya kai ta gidan innarta."

"To ai shi ya sa. Ya yi aure mana ya huta, mu ma mu huta."

Maharazu ya dube ni ya ce, "Yaya, ƙyale su, azumi nake. Yanzu za su gaji."

Wallahi da a nan suka tsaya da na haɗiye. Sai na ga sun karkata layin gidan innar Sa'adiya. Na sha gabansu, na ce don Allah don Annabi su bi ko'ina ban da nan. Suka ratse ni suka wuce. A ƙofar gidan suka ja suka tsaya, mai ganga ya ƙara zuba kiɗa, ana kiran sunan Maharazu ana haɗawa da gwauro. Na hango Sa'adiya a cikin zaure, ta dafa bango tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ta juya ta koma ciki.

Washegari da safe ta ƙulle kayanta, ta ce gidan mijinta za ta koma. Innarta ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza. Maharazu ya zo ya durƙusa yana ba ta haƙuri, ya ce shi bai ji komai a ransa ba. Ni kuma na tuna mata maganar likita.

Ta ce, "Yaya, ina raye a ɗaure mini miji a zaga gari da shi a ce ba shi da mata? To ni mece ce?"

Haka muka hau adaidaita sahu muka kai ta ɗakinta.

Maharazu ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure. Ni na taro kayana na dawo ɗakin ina kwana da ita, don haka abin da nake faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Ko bakin ƙofar ɗakin bai taɓa tsallakewa ba. Amma Sa'adiya ta ƙi zama. Da na tafi wajen shinkafata sai ta ɗauki taɓarya, wai a ji ƙarar daka a san akwai mace a gidan. Na ɓoye taɓaryar, ta aro ta maƙwabta. Ta ɗauki bokiti ta je famfo a gaban kowa, ta dawo da shi cike a ka. Na yi mata faɗa har muryata ta dushe, ta ce to, kashegari ta sake.

Ana jibi Sallah na dawo na same ta zaune a gindin turmi, ba ta motsi. Na kira ta ba ta ɗago ba. Sai da na matsa kusa na ga zaninta a jiƙe.

Ta ce, "Yaya, ya dawo."

Muka koma asibiti. Likita ya duba ta, ya ce sai dai a jira a gani.

To ku ji abin da ya fi ƙona mini rai. Kafin a sauko daga idi magana ta gama gari: wai Maharazu ya kasa haƙuri, ya ɓata aikin 'yar mutane. Bakunan da suka yi masa dariya don ya tsare kansa, su ne suka koma suna cewa ba shi da tsoron Allah. Har aka gaya mini Tambaya ya ce a majalisarsu, "Namiji ai sai ya riƙe kansa, yarinya ba lafiya."

Na yafa mayafi zan je in gaya musu ni nake kwana a ɗakin, in gaya musu taɓarya da bokiti ne, kuma su suka sa ta ɗauka. Maharazu ya tare ni a zaure.

Ya ce, "Yaya, koma. Idan kika faɗa, kanta za su koma, su ce ita ta jawo wa kanta. Bar su su ce ni ne."

Na tsaya ina kallonsa. Daga cikin ɗaki Sa'adiya ta kira ni in kawo mata wani zanin, na ajiye mayafin na shiga.