Ƙafa ta Ashirin da Bakwai

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata Muhsinat ta ga lambar, a lokacin kuwa Jona ya yi awa uku da barin Maiduguri.

Aikinta ba irin wanda ake iya bayyana wa dangi a gidan biki ba ne. Ɗan kamfaninsu da ke Gomari yana haɗa akwatunan da ke sarrafa famfon burtsatse mai aiki da hasken rana. Cikin kowane akwati akwai allon lantarki, cikin allon akwai kanel, wato zuciyar manhajar da ke magana da ƙarfen kai tsaye. Allon yana da ƙananan ƙafafun ƙarfe a jere, kowace da lambarta, amma shi kanel makaho ne. Sai an ba shi wasu fayiloli da ake kira heda, su ne ke gaya masa ƙafa ta kaza a allon ita ke kunna inji, ƙafa ta kaza ita ke auna ruwa. Fayilolin sun kai ɗari biyu, ba mai zama ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Akwai jadawali guda, akwai kuma wani ɗan shirin kwamfuta da ke karanta jadawalin ya zazzago su duka cikin minti ɗaya. Kula da wannan shiri shi ne abincin Muhsinat shekara huɗu ke nan. Kakarta da ke Lamisula ta daɗe da yanke hukuncin cewa akawu ce, ita ma ta bar ta a haka.

Jiya ta gyara shirin, ta sake fitar da fayilolin, ta haɗa sabuwar manhaja ta gwada a allon ofis, komai ya tafi daidai. Yau da sassafe ta zuba wa Jona a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi fayil. Jona shi ne ma'aikacinsu mai zuwa ƙauyuka, kuma yana sauri ya bi motocin farko, domin hanyar ba kullum take a buɗe ba. Wani ƙauye zai je ta wajen Konduga, inda mutane suka koma gida bara, gida sama da ɗari uku a kan burtsatse ɗaya.

Sai da ya tafi ta zauna kwatanta tsofaffin fayiloli da sababbi, abin da ya kamata ta yi tun jiya. Layi ɗaya ne ya bambanta. A tsohon fayil, na'urar da ke sanar da cewa ruwa ya ja baya a rijiya tana ƙafa ta ashirin da bakwai. A sabon, ta sha bakwai.

Ta buɗe jadawali: sha bakwai. Ta jawo allon gwajin ofis ta ƙirga da bakin biro: sha bakwai. Har ta fara sauke ajiyar zuciya, sai ta tuna allon ofis tsohon zubi ne. Ta tashi ta buɗe kwali ta ciro irin wanda ke ƙauyen, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ashirin da bakwai.

Abin da ya faru a fili yake. Wani ya shiga fayil ɗin da shirin ya fitar ya gyara lambar da hannu, bai taɓa jadawali ba. A saman kowane fayil kuwa ga gargaɗi nan da manyan baƙaƙe, cewa na'ura ce ta rubuta, kada a sa hannu. Da ta sake kunna shirin jiya, ya bi jadawalinsa ya share gyaran, shi ba ruwansa. Yanzu in Jona ya ɗora manhajar, kanel zai kasa kunne a ƙafar da babu komai a jikinta. Watan Afrilu ne, ruwan rijiyar kan ja baya da tsakar rana. Injin zai ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone, kuma ba a samun irinsa a garin nan sai an aiko daga Kano.

Ta kira Jona, aka ce ba a samun lambar. Ta tura saƙo, ta sake turawa, ba wanda ya shiga. Wani jirgi ya taso daga filin jirgi ya girgiza tagar ofis, ta yi masa tsaki kamar shi ya yi laifin.

Tsoro in ya rasa inda zai sauka, mai laifi yake nema. Ita kuwa ta riga ta samu nata: Oga Alfred, wanda ya rubuta shirin tun farko, ya koya mata aikin, sannan ya koma koyarwa. Mutumin da ya yi shekara biyu yana cika mata kunne da cewa a gyara tushe, kada a gyara abin da tushe ya haifa! Ta danna lambarsa.

"Oga Alfred, ina kwana. Kai ka canza ƙafar ma'aunin ruwa a cikin heda?"

"Muhsinat, ko lafiya ba ki tambaya ba. Wace ƙafa?"

Ta zayyana masa komai cikin numfashi ɗaya, har da abin da bai kamata ƙarama ta faɗa wa babba ba. Ya bar ta ta gama.

"Ban tuna na yi ba," ya ce. "Amma kwamfuta ba ta mantuwa. Buɗe tarihin fayil ɗin ki karanta min sunan."

Ta buɗe, wayar maƙale a kafaɗa. Ga layin, ga ranar, watan Satumba na shekarar ambaliya. Ga sunan. Ga kuma ɗan bayanin da mai gyaran ya bari: na yau kawai, gobe zan gyara jadawali.

Sai abin ya dawo mata tiryan-tiryan. Lokacin ofishinsu yana Gamboru, ruwa ya shiga har taga. Ita tana rakuɓe a gidan gwaggonta da kwamfutar aro wadda shirin ya ƙi tashi a kanta, ga sababbin alluna ana jira a kai su inda mutane ke shan ruwan kwata. Ta sa hannu ta canza lamba ɗaya, famfuna suka tashi, kowa ya sa mata albarka. Goben ce ba ta zo ba.

"Kin yi shiru," in ji Alfred.

"Ni ce, Oga."

"To. Kunya ta jira zuwa anjima. Wa kika sani a ƙauyen ban da Jona?"

Ba ta san kowa ba. Ta kira direban da ya ɗauki Jona, wayarsa a kashe. Ta kira wata malamar asibiti da ta taɓa zuwa rigakafi can, ta ce mata ai sabis sai an hau tudun bayan makaranta, shi ma sai iska ta ga dama. Muhsinat ta gyara jadawalin, aikin da bai ɗauke ta minti biyu ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta yi azahar ba ta san surar da ta karanta ba. Tana sallamewa ta fara lissafi da agogo: wataƙila an tsayar da su a hanya, wataƙila ya tsaya cin abinci, Jona ai ba ya wasa da cikinsa. Ba ta taɓa roƙon Allah ya makarar da mutum ba sai ranar.

Biyu saura minti ashirin wayar ta yi ƙara.

"Jona! Kada ka ɗora! Ka ji ni? Kada ka ɗora!"

Iska na kaɗawa a cikin wayar, yana haki irin na wanda ya hau tudu da gudu.

"Anti, tun sha ɗaya na ɗora. Famfon ya yi ta ba da ruwa lafiya lau. Wajen ƙarfe ɗaya ruwan ya tsaya, amma injin bai tsaya ba. Ina cikin makaranta ina cin abinci, kafin a kira ni har ƙauri ya fito. Na kashe, na sake kunnawa, ko motsi."

Ta zauna a kan dardumar da ba ta naɗe ba. Daga nesa tana jin ƙarar jarkoki marasa komai suna gwaruwa da juna, da muryoyin mata suna magana da Kanuri, ba faɗa suke ba, tambayar juna suke yi.

"Anti, kina ji? Mutanen gari sun ce ni na lalata, ni na taɓa shi yau. Ga mai garin nan, Bulama Ajimi, ya biyo ni har tudun. Ya ce yana son ya ji daga bakin wanda ya san abin."

Wayar ta canza hannu. Muryar dattijo ce, a hankali, Hausarsa da nauyin Kanuri.

"Wushe, sannu 'yata. Yaron nan ya ce ke ce mai ilimin akwatin. Mata suna tsaye tun safe. In ce musu su jira, ko su tafi?"

Muhsinat ta miƙe daga kan dardumar.

"Baba, ba laifin Jona ba ne, ni ce na yi kuskuren. Ka ce musu su tafi. Ruwan ba zai zo yau ba, gobe ma ba zai zo ba."

Sai ta ji dattijon ya juya ya ɗaga murya yana faɗa wa matan.