Famfo Na Biyu

Ina fere tuffa a kicin na ji motar mijina Aksel ta shigo gida. Daga yadda aka taka birki na san ba shi ke tuƙi ba. Na leƙa ta taga, sai ga abokinsa Verner yana fitowa ta ɓangaren direba, hularsa a hannu. A kan tirela kuwa ga Koriya, taraktar Aksel, ɗaure da igiya yadda suka tafi da ita da safe.

"Bodil," in ji shi daga bakin ƙofa, "zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Ina yake?"

Ya ce a filin taron masu tsofaffin injuna ya faɗi, yana cikin nuna wa wani yadda ake tada ta. Kafin motar asibiti ta iso ya cika.

Kuka bai zo mini a lokacin ba. Ina tsaye da wuƙa a hannu na ga Verner ya koma waje, ya sauke Koriya, ya buɗe gareji, ya tura ta ciki, ya kulle. Makullin nan a aljihun Aksel yake kwana. Shekara arba'in da ɗaya muna tare ban taɓa riƙe shi ba. Ke nan mutumin nan ya sa hannu a aljihun mijina yana kwance a ƙasa.

"Ba ni makullin," na ce.

Ya kalle ni, ya ajiye shi a kan tebur kusa da ɓawon tuffa.

Koriya ƙaramar tarakta ce ta lambu, ta girme wa 'yarmu Lisbet nesa ba kusa ba. A bayan rumbun wani manomi Aksel ya tsinto ta, ciyawa ta fito ta cikin kujerarta. Shekara uku ya yi yana kwance ta noti bayan noti, yana kankare tsatsa, yana dafa wasu ƙarafan a tukunyata ta miya idan na tafi coci. Amma ba shi ya fara ganinta ba. Verner ne ya ba shi labarinta suna shan kofi, washegari Aksel ya yi sammako ya je ya ɗauko. Tun daga ranar, duk inda aka yabi Koriya sai Verner ya ce, "Ai ni na fara ganinta," a yi dariya. Ni ban taɓa ganin dariyar ta kai idonsa ba.

Ranar jana'iza, bayan mun dawo daga maƙabarta, 'yan ƙungiyarsu suka zauna a kusurwa da kofi da kek. Ina wucewa da buta na ji ɗaya yana cewa irin kafireton Koriya ba a samunsa yanzu ko a Jamus. Da suka gan ni suka koma maganar fasto.

Lisbet ma ta ji. Kafin ta koma Aarhus ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, kada ki bar kowa ya shiga garejin nan. Kin san abin da suka yi wa matar Preben bayan mijinta ya rasu. Sun ce za su taya ta gyara wuri, suka bar mata tsintsiya da bokiti."

Mako biyu bayan haka Verner ya zo da burodin da matarsa ta gasa. Ya tsaya a kan tabarmar ƙofa yana goge takalmi fiye da kima.

"Zan ɗan leƙa ta ne," in ji shi. "Minti biyar."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Ruwa ne a cikinta. Dole a sauke kafin sanyi ya kama."

"Motata ma da ruwa a cikinta, ba wanda ya zo sauke mata."

"Taki da maganin ƙanƙara. Aksel bai yarda da shi ba, cewa yake yana sa tsohon inji yoyo. Ruwan sama yake zuba mata, ya sauke duk kaka. Kin san taurin kansa."

"Na sani. Na kuma san naka."

Ya yi murmushi. "Haba Bodil. Me zan ɗauka? In cusa taya a aljihu?"

"Aljihu dai ka iya shigarsa."

Murmushin ya ɗauke. Ya ce, "Motar zan kawo gida, makullan a haɗe suke." Wannan gaskiya ne, a zobe ɗaya suke. Amma ba wanda ya ce ya buɗe gareji.

Na ce, "Faɗa mini yadda ake yi, ni ma ina da hannu."

Ya ja numfashi. "Akwai ɗan famfo a ƙasan lagireto, ta hagu. Cire murfin sama, ki sa bokiti, ki murɗa shi har ruwan ya daina zuwa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Da ya tafi na buɗe garejin. Warin baƙin mai da tabar Aksel ya tare ni, sai da na dafa bango. Ga tabaransa a kan benci, ga sifanu a jere, kowace da zanenta a jikin katako. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na sami famfon, na murɗa. Ruwa ja ya zubo rabin bokiti. Na jira har ɗigo na ƙarshe. Na kulle, na ji daɗin kaina.

Sanyin bai zo ba sai mako na biyu na Disamba. Kwana huɗu a jere tafkin agwagi ya daskare har ana tafiya a kai. A safiya ta biyar na shiga garejin ɗaukar shebur. Sai na ga wani abu a gefen injin kamar an ja layi da wuƙa, tsawon tafin hannuna. Ƙanƙara mai launin tsatsa ta kumburo ta cikinsa, koren fentin da Aksel ya shafa har sau biyar ya ɗaɗɗago. Na sa yatsa. Ƙarfen ne ya tsage.

A nan kukan ya zo, wanda bai zo ba a kicin, bai zo ba a maƙabarta.

Ban ko sa safar hannu ba na taka har gidan Verner. Yana cikin nasa garejin, yana wanke fulogi da buroshin haƙori. Na faɗa masa. Ya ajiye buroshin a hankali, ya zauna a kan akwati.

"Na jikin injin," in ji shi. "Akwai famfo na biyu, a bayan bututun hayaƙi. Ruwa yana maƙalewa a wurin."

"Na tambaye ka ko shi ke nan. Ka ce shi ke nan."

"Na ce."

"To?"

"Bodil, ban taɓa koya wa kowa da baki ba. Hannuna ne ya san wurin. Da kin bar ni na shiga, da ya je da kansa ko ina barci."

Ina neman abin da zan ce idona ya faɗa kan kanta a bayansa. Wani abu ne a lulluɓe da tsohon bargo, gefe ɗaya a buɗe. Na wuce shi na yaye bargon. Gangar inji ce irin ta Koriya sak, an shafe ta da man kariya, ba tsaga ko ɗaya.

"Wannan fa?"

"Shekara takwas tana nan. A wani gwanjo na samu."

"Kana da ganga ba ka da tarakta."

"Ina jiran ranar da Aksel zai gaji ya sayar mini." Bai sunkuyar da kai ba. "Ina son ta, ban taɓa ɓoyewa ba. Kowa ya sani, har shi. Amma ban fasa ta ba. Wanda ke son abu ba ya fasa shi."

"Yana fasawa, in yana da na canji."

Ya kalli hannunsa. Sannan ya ce, "In kin yarda, da bazara in zo in sa mata wannan. A garejinki, kina zaune kina kallona. Ba na son komai."

"Rabinta ya zama naka ke nan."

"Ganga ce kawai."

"Ai ita ce zuciyar. Aksel ne ya faɗa."

Na juya. Na kai bakin ƙofa ya ce, "Ko ba ki yarda ba, ki riƙa juya ta da hannu. Ruwa ya shiga ciki yanzu. In ta zauna haka, kafin bazara fistin zai kama da tsatsa, sannan ba ni ba, ba kowa da zai iya tada ta."

Na fita. Lisbet ta ce a waya da gangan ya yi, in kai shi ƙara. Matarsa kuma ta tare ni a kanti ta ce kwana uku bai ci abinci ba. Na zauna na juya maganar ta kowace fuska. Wata rana in ga ɓarawo, wata rana in ga tsoho mai shekara saba'in da uku da ya manta famfo. Abu ɗaya dai ba ya sauyawa ko ta ina na duba: ni na tsaya a bakin ƙofa na hana shi shiga.

Maganar juyawar ma ban ɗauka daga bakinsa ba. Na shiga bas zuwa wani gari inda ba a san mu ba, na tambayi wani makanike. Ya ce haka ne, ya ƙara da cewa in cire fulogi in ɗiga mata cokali ɗaya na mai.

Bazara biyu sun wuce. Ban ba Verner amsa ba, shi ma bai sake tambaya ba. In mun haɗu a coci yakan ɗaga hula.

Kullum da safe, kafin in ɗora ruwan kofi, nakan buɗe gareji, in zura ƙarfen murɗawa a hancinta, in juya sau ɗaya da hannu biyu. Har yanzu tana juyawa. Sai in kulle, in mayar da makullin aljihuna.