Shinkafa da Shayi ga Mai Kyamara

Layinmu yana bayan haikalin da kowa yake zuwa gani, shi ya sa duk wanda ya ɓata hanya a unguwar Higashiyama ta birnin Kyoto a ƙofarmu yake tsintar kansa. Sun ɗauki hoton tagoginmu, sun ɗauki na bokitin kashe gobara. Wata ma durƙusawa ta yi ta ɗauki hoton takalmin mijina da na shanya. Ban damu ba, takalmi ba yaro ba ne, ba ya zuwa makaranta shi kaɗai.

Ranar bikin Jizo ce, ƙarshen Agusta, gari kamar cikin tukunya. An wanke Jizo, ɗan gunkin dutsen nan mai tsaron yara da ke kusurwar layi, an ɗaura masa sabon jan ƙyalle a wuya. Yara sun zauna a tabarma suna zagayawa da ƙaton carbi hannu zuwa hannu. A sama ga fitilun takarda, kowace da sunan yaro. Ta 'yata Chizuru, mai shekara huɗu, tana rataye daidai ƙofarmu.

Sai ga wani dogon Bature da kyamara. Ya gaishe mu da Japananci tsaf, irin na littafi, ya fara ɗauka. Na lura da inda yake saitawa: fuskar Chizuru, sunanta da lambar gidanmu, duk a hoto guda.

"Mama, ya ɗauki hoton Chizuru," na raɗa wa uwar mijina, Tomiko.

"Na gani. Bar ni da shi."

Ta je ta rusuna. "Baƙo, wannan kyamara taka da girma take. Ga ƙara mai daɗi, har ƙarshen layi ana jin ta."

Ko ɗan yaye a Kyoto ya ji wannan ya san an ce ya tattara. Shi kuwa fuskarsa ta cika da fara'a. Ya gaya mata inda ya saya, ya miƙa mata ta ji nauyinta.

Tsohuwa Hatanaka, maƙwabciyarmu mai shagon kayan tsami, ta taɓe baki. "Tomiko, kin lalace. Tsufa ne."

"In ji wadda ta girme ni da shekara shida."

Hatanaka ta gyara ɗamara ta tafi. "Baƙo, agogonka ya yi kyau."

Bai gane ana nufin lokacin tafiya ya yi ba. Ya yi godiya, ya ce matarsa ce ta saya masa, har ya nuna mata fuskar agogon. Ta dawo tana jan ƙafa.

"Me ya ce?" Mama ta tambaya.

"Wai ƙarfe uku saura minti goma."

Mama ta ja numfashi, ta zaro makamin ƙarshe. "Baƙo, ko za ka ɗan taɓa shinkafa da shayi?"

A wurinmu wannan yana nufin nemi takalminka. Kakata ta yi shekara tamanin tana tayin abincin nan, ba ta taɓa kai shi gaban baƙo ba. Mutumin ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa a tabarma, ya ce tun daga ƙasarsu yake jin labarin karamcin mutanen Kyoto. Dole Mama ta shiga kicin. Muna jin yadda take buga murfin tukunya.

Yana ci da hannu ɗaya, ɗayan yana tura hotunan zuwa wayarsa. Na hango fuskar Chizuru ta bayyana a gilashin. Daga nan ban san inda za ta je ba, ban kuma san wanda zai kalle ta ba.

Na durƙusa a gabansa. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne, hotunanka sun yi kyau. Na haɗiye shi da ƙyar.

"Goge hoton 'yata."

Carbin ya tsaya a hannun yara. Wani tsoho ya fara tari.

"Wannan 'yata ce. Ga sunanta, ga ƙofar gidanmu. Ban yarda ba. Goge."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya ajiye kwanon, ya shiga ba da haƙuri. "Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Minti ashirin muna faɗa masa," Hatanaka ta ce wa Mama, ba a hankali ba.

Hotuna tara ne. Na ƙirga yana gogewa, a kyamara sannan a waya. Na sa ya buɗe inda gogaggun suke taruwa, ya share can ma. Ban tashi ba sai da na ga babu Chizuru, babu sauran yaran.

Hatanaka ta leƙo ta kafaɗata a daidai lokacin da yatsansa ya kai kan hoto na gaba.

"Tsaya, wannan ni ce," ta ce. Ta matso da wayar kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa. "Bar shi. Ka turo wa jikata."